Ƙananan Kawunan Jirgi Masu Aikin Shantin: Tarihinsu da Dalilin Adana Su

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya san layin dogo bai taɓa ratsa ta ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai karatu ya tambaya, me ya haɗa mutumin Birnin Kudu da rubutu a kan jirgin ƙasa, balle a kan ƙaramin kan jirgi wanda ko fasinja ba ya ɗauka? Amsar ita ce, dogo bai zo mana ba, amma gyaɗarmu da fatunmu sun je masa, kuma shekaru masu yawa kuɗin haraji da na aure da na suturar salla a ƙauyukanmu suna rataye ne da tafiyar waɗannan kaya.

Na fara ganin irin wannan inji a farkon shekarun 1970, ina ɗan firamare, lokacin da kawuna ya tafi da ni Kano a bayan motar gyaɗa. Muna jiran a sauke kaya sai na hangi wani ɗan guntun kan jirgi, ba hayaƙin kwal, ba tururi, yana tura taragai biyu zuwa gefen dalar gyaɗa. Ya aje su, ya ja da baya, ya ɗauko waɗansu. Na ce, “Kawu, wannan ɗan jirgin ina za shi?” Ya ce, “Ba ya zuwa ko'ina, yaro. Shi ke shirya wa manya kayan tafiya.” Bayan na yi ritaya daga aikin gwamnati na koma bin diddigin tarihin yankinmu, sai na lura an yi rubuce-rubuce a kan dalar gyaɗa da attajiran da suka gina ta, da manyan jiragen da suka kai ta bakin teku, amma wannan ɗan inji da mutanen da suka yi aiki da shi an bar su a baya.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa malaman makaranta da dattawa masu sha'awar tarihi mene ne ƙaramin kan jirgi na shantin, yadda yake aiki, inda ya samo asali, rawar da ya taka a ƙasarmu, da kuma abin da ya kamata a yi kafin ragowarsu su ƙare a hannun 'yan gwangwan.

2.0 Mene ne Kan Jirgi na Shantin?

Jirgin ƙasa kashi biyu ne: akwai kai, wato injin da ke ja, akwai kuma taragai da ke ɗauke da mutane ko kaya. Taragai ba sa jera kansu. Idan jirgin kaya ya iso tasha, sai an kwance shi, a kai wannan tarago bakin sito, a kai wancan ma'ajiyar mai, a kai wani harabar masana'anta. Haka kuma idan zai tashi, sai an tattaro taragan da aka yi wa lodi daga wurare daban-daban, a jera su bisa tsarin tashoshin da za a sauke su. Wannan aiki na kwancewa da jerawa shi ma'aikatan reluwe ke kira shantin.

Babban kan jirgi zai iya yin wannan aiki, amma asara ce, kamar a sa raƙumin fatake ɗaukar taki daga gida zuwa gonar bayan gari alhali ga jaki. Don haka aka ƙera ƙananan kawuna musamman. Su ma iri biyu ne ta fuskar mallaka. Akwai na hukumar jiragen ƙasa, masu aiki a manyan tashoshi da rassan dogo da suka shiga unguwannin masana'antu. Akwai kuma waɗanda masana'antu ke saya da kuɗinsu don aiki a cikin harabarsu kaɗai, kamar kamfanonin siminti, ma'adinai, matatun mai da tashoshin jiragen ruwa. Jirgin hukuma ya kawo taragai bakin ƙofa ya aje, ɗan injin kamfani ya shigar da su ciki.

Ana gane shi da siffofi kamar haka. Gajere ne, ƙafafunsa huɗu ne ko shida a kusa da juna, don ya iya shan kwana mai tsanani a tsakanin sito da sito. Ɗakin direba yana da tagogi gaba da baya, domin rabin aikinsa da baya yake yi. Yana da matakala da mariƙa a kusurwoyinsa inda mai haɗa taragai ke maƙalewa. Ba shi da gudu, sau da yawa mai keke mai ƙwazo zai iya jerawa da shi, amma yana da ƙarfin ja. Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

3.0 Yadda Yake Aiki

Malami zai so ya san amsar tambayar da ɗalibai za su yi masa: yaya inji wanda bai fi na babbar mota girma ba yake jan kayan da motoci da yawa za su raba? Dalili na farko shi ne ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da tirjiya kamar tayar roba a kan kwalta ko turɓaya. Da zarar tarago ya motsa, ƙarfi kaɗan ke riƙe shi a kan tafiya. Wahalar tana wajen tayar da shi daga tsaye. Dalili na biyu shi ne an tsara giyar injin ta yadda za ta sayar da gudu ta sayi ƙarfi, kamar yadda direban babbar mota ke sa giya ta ɗaya idan zai hau tudu da lodi. Dalili na uku nauyi ne. Da gangan ake ƙera shi da ƙarfe mai kauri don ƙafafunsa su danne dogo kada su riƙa sulɓewa. Idan damina ta jiƙa dogo ko mai ya zuba a kansa, akwai akwatin yashi da ke tsiyayar da rairayi a gaban ƙafafun don su sami kamu.

Hanyoyi uku ake bi wajen isar da ƙarfin injin dizal zuwa ƙafafu. Ta farko ita ce ta kuloci da giya, wani lokaci da sarƙa, kusan irin ta mota. Wannan ta fi yawa a mafi ƙanƙanta. Ta biyu ita ce ta mai, inda injin ke juya wata farfela a cikin tukunyar mai, man kuma ya juya wata farfelar da ke haɗe da ƙafafu, don haka ba a jin fizga lokacin tashi. Ta uku ita ce ta lantarki, inda injin ke juya janareto, wutar kuma ta juya motocin lantarki da ke tura ƙafafu. A yawancinsu akwai sandar ƙarfe a gefe da ta haɗa ƙafafun don su juya tare.

Aikin ba na direba kaɗai ba ne. Akwai mai sauya dogo a mahaɗa, akwai mai haɗa taragai da kwance su, wanda ke yi wa direba ishara da tuta da rana, da fitila da dare. Aikin wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin yana aiki ne a tsakanin ƙarafa masu nauyi da ke motsi.

4.0 Asalinsu a Duniya

Kafin dizal, da dawaki ake shantin a wurare da dama a Turai, sannan da ƙananan injuna masu tururi. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya kammala injin da ke ɗauke da sunansa a shekarar 1897, amma sai a shekarun 1920 da 1930 aka fara sa shi sosai a kawunan jirgi. Abin lura shi ne, a aikin shantin dizal ya fara samun karɓuwa kafin ya karɓi doguwar tafiya. Injin tururi sai an hura masa wuta awoyi kafin ya motsa, kuma ko yana tsaye yana cin kwal yana shan ruwa. Aikin shantin kuwa rabinsa jira ne. Injin dizal ana tayar da shi cikin 'yan mintoci, a kashe shi idan aiki ya tsaya. Bugu da ƙari ba ya watsa tartsatsin wuta, wanda babban abin tsoro ne kusa da auduga ko buhunan gyaɗa ko tankin mai.

A Ingila kamfanin Ruston da Hornsby na garin Lincoln ya ƙera irin waɗannan ƙananan kawuna fiye da 6,000 tsakanin 1931 da 1969, aka kai su ƙasashe da yawa. Haka nan kamfanin Hunslet na garin Leeds ya yi suna a wannan fanni. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera wani samfuri guda 996 tsakanin 1952 da 1962, wanda aka sani da aji na 08, kuma har yau waɗansunsu suna aiki. A Jamus tun shekarun 1930 aka rarraba ƙananan injuna a ƙananan tashoshi don kada babban jirgi ya ɓata lokaci yana shantin da kansa.

A Amurka akwai labari mai ban sha'awa da ke nuna yadda doka ke iya tsara siffar inji. A shekarar 1937 kamfanonin jiragen ƙasa da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi yarjejeniya cewa duk kan jirgin da nauyinsa ya kai tan 45 a ma'auninsu dole a sa masa mutum biyu. Sai kamfanin General Electric ya fito da wani mai tan 44 daidai, wanda mutum ɗaya zai iya tuƙawa. An ƙera shi daga 1940 zuwa 1956, kuma da yawansu sun ƙare rayuwarsu ne a harabar masana'antu.

5.0 Dogo da Gyaɗa a Ƙasarmu

Aikin dogo daga Baro zuwa Kano ya fara a 1907, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragai, amma manoman ƙasar Kano suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi riba kuma ana iya cin ta idan shekara ta yi wuya. Daga nan aka miƙa rassa: na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930. Wannan na Nguru shi ne ya ratsa ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Ta kudu da mu kuma, layin da ya tashi daga Kuru ya isa Bauchi a 1961, ya ƙarasa Maiduguri a 1964. Ke nan Birnin Kudu da Gwaram sun zauna a tsakanin dogo biyu, babu wanda ya taɓa su.

Don haka kayanmu da ƙafa suka fara zuwa dogo, a kan jakuna da takarkari, daga baya a manyan motoci. Manomi ya kai gyaɗarsa sikeli a kasuwa irin ta Sara ko ta Birnin Kudu, yaran ejan su auna su biya, a ɗinke buhu, mota ta bi ta Wudil ta shiga Kano, tafiyar fiye da kilomita 120 daga Birnin Kudu. A can ake jibge ta. Ya kamata ɗalibai su fahimci cewa dalar gyaɗa ba don ado aka yi ta ba. Gyaɗa na shigowa gaba ɗaya ne da kaka, jirgi kuwa layi ɗaya gare shi zuwa Legas, taragai ba su isa ba. Sai aka riƙa jera buhuna, akan ce dala guda takan ci buhu har 15,000, a lulluɓe da tamfal ana jiran jirgi. An yi irin waɗannan daloli a Kano, an kuma yi su a Malam Madori. Tsawon zaman dala a fili ya danganta ne da saurin da ake kawo tarago fanko bakinta a janye cikakke, kuma wannan shi ne aikin injin shantin.

Shekaru da dama injunan tururi ne ke wannan aiki, da kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, mai nisan gaske da Kano, ga kuma wahalar ruwa da rani. A shekarar 1955, wato shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka shigo da manyan kawuna goma masu amfani da dizal daga kamfanin English Electric. Sannu a hankali dizal ya karɓi aikin shantin shi ma, kuma a shekarun 1970 kamfanin Brush na Ingila ya ƙera wa hukumar ƙananan kawuna masu ƙafa shida masu aiki ta hanyar lantarki. A wannan zamani rassan dogo sun shiga unguwar masana'antu ta Bompai a Kano, daga baya kuma aka kai reshe kamfanin siminti na Ashaka da ya fara aiki a 1979, da matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980.

Sai dai lokacin da ƙananan injunan dizal suka kankama, lokacin ne kayan da za su ja suka fara raguwa. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar kuturun gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta cinye amfanin 1975, kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace lodi daga jirgi. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Masana'antu da yawa suka rufe, ciyawa ta rufe rassan dogo, ƙananan injuna suka tsaya inda dare ya yi musu.

6.0 Yadda Suke Salwanta

Babban kan jirgi mai tururi yana da kwarjini, ko wanda bai damu da tarihi ba zai tsaya ya dube shi. Ƙaramin injin shantin ba shi da wannan gata. A idon mai binciken kuɗi shi tsohon kaya ne da darajarsa ta ƙare a littafi, a idon ɗan gwangwan kuwa tan-tan ne na ƙarfe mai kyau da jan ƙarfe. Yawanci ba rana ɗaya yake mutuwa ba. Batir ake fara cirewa, sai wayoyin lantarki, sai lagireto, sai farantin tagulla mai ɗauke da sunan maƙera da lamba da shekara. Ruwan sama ya shiga ta bututun hayaƙi, injin ya daskare da tsatsa. Daga ƙarshe a zo da wutar walda a yanka gangar jikin.

Na ga wannan da idona. Wani abokin aikina na dā ya ba ni labarin wani ɗan inji da ke fake a bayan sito a wata masana'anta da ta daina aiki. Na je na gan shi, fentinsa ya kwaile amma ƙafafunsa da injinsa suna nan. Ban ɗauki hoto ba, ban kwafi lambar da ke jikinsa ba, na ce sai na dawo da shiri. Na yi sakaci har damina biyu suka wuce. Da na koma, sai maigadi ya nuna mini wurin da ya tsaya, babu komai sai baƙin mai a ƙasa da guntayen ƙarfe. Ya ce, “Ai Alhaji, kwana uku aka yi ana yanka shi.” Laifin rashin rubuta shi nawa ne, kuma shi ya sa na zauna na yi wannan rubutu.

Akwai kuma wani dalili da ya sa lokaci ya ƙure. Tsohon dogonmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Sababbin layuka kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021 tare da reshe zuwa Dutse, faɗinsu milimita 1,435 ne. Tsohon inji ba zai hau sabon dogo ba. Duk ranar da aiki ya koma kan sabon layi, ba wanda zai sake neman tsohon sai mai awon ƙarfe.

7.0 Abin da Waɗansu Suka Yi

Adana kayan reluwe ba baƙon abu ba ne. A yankin Wales na Birtaniya, a shekarar 1951, 'yan sa kai suka karɓi ɗan layin Talyllyn suka ci gaba da gudanar da shi, kuma shi ne na farko irinsa a duniya. A irin waɗannan layuka ƙananan injunan dizal da aka sayo daga masana'antu da arha su ne ke yawancin aikin yau da kullum, domin ba su da wuyar gyara. A Kenya an buɗe gidan tarihin jiragen ƙasa a Nairobi a 1971.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Saliyo. An rufe dogon ƙasar a 1974, aka sayar da mafi yawan kayan a matsayin gwangwan. Amma aka kulle waɗansu kawuna da taragai a tsohuwar ma'aikatar gyara da ke Cline Town a Freetown. Suka zauna a ƙarƙashin rufi shekara talatin, har yaƙin basasa ya zo ya wuce, sannan a 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi. Darasin a fili yake: rufi da ƙofa mai makulli ne suka cece su.

A gida Nijeriya, akwai ƙaramin dogon da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957. An adana waɗansu injunansa a harabar gidan tarihi na Jos. A Ebute Metta ta Legas kuma ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe da aka gina a 1898, wanda ake kira Jaekel House, ta mai da shi ɗan gidan tarihi a 2010. Amma yawancin abin da aka adana na zamanin tururi ne. Zamanin dizal ana ganin kamar jiya-jiya ne, alhali injin da aka ƙera a shekarun 1970 ya kai shekara hamsin ko ya kusa.

8.0 Me Ya Shafe Mu?

Na sha jin ƙorafi iri biyu idan na ta da wannan magana a majalisa. Na farko, cewa ba mu muka ƙera waɗannan injuna ba, don haka ba kayan tarihinmu ba ne. Gaskiya ne a Turai aka ƙera su. Amma guminmu ne ya biya su, kuma 'ya'yan ƙasar nan ne suka tuƙa su, suka gyara su, waɗansu suka rasa yatsu a tsakanin taragai. Bindiga da agogo da keken ɗinki ma ba mu muka ƙirƙiro su ba, amma ba wanda zai ba da tarihin Hausawa na ƙarni na ashirin ya tsallake su.

Na biyu, cewa asibiti da makaranta sun fi buƙatar kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce a ɗebi kuɗin magani a sayi tsohon ƙarfe ba. Sai dai mafi muhimmancin aikin ba ya cin komai sai littafin rubutu da wayar hannu.

Mu mutanen Birnin Kudu muna da misali a ƙofar gida. Zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa ya daɗe a wurin, kakanninmu sun san da shi. Amma sai da aka rubuta shi aka ɗauki hotonsa a shekarun 1950, lokacin da Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi bayanin duwatsun kiɗa na Birnin Kudu a 1955, sannan ya shiga jerin kayan tarihin ƙasa da doka ke karewa. Abin da ba a rubuta ba, ba wanda zai tsaya masa ranar da aka zo fasa shi.

9.0 Shawarwari

Na farko, a yi ƙidaya. Duk wanda ya san inda tsohon injin shantin yake, a tasha ko a masana'anta, ya nemi izinin masu wurin ya ɗauki hotonsa ta gefe huɗu, ya kwafi abin da ke kan farantin maƙera, ya rubuta wuri da rana, ya miƙa wa hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Kada a cire komai daga jikinsa, domin kaya ne mai mai shi.

Na biyu, malamai su tura ɗalibai wurin dattawa. A garuruwanmu har yanzu akwai tsofaffin direbobin motocin gyaɗa, da 'yan dako da suka yi cin rani a Kano suka hau dala da buhu a ka, da yaran ejan da suka riƙe sikeli. A tambaye su nawa ake biyan dakon buhu, kwana nawa mota ke jira kafin a sauke ta, wane suna suke kiran ɗan injin da shi, waɗanne kalmomi ake amfani da su a bakin aiki. A naɗi muryarsu, a rubuta da Hausa. Malamin kimiyya ma zai sami darasi a kan giya da tirjiya da nauyi.

Na uku, hukumar tarihi ta jiha ta tuntuɓi Hukumar Jiragen Ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a ware ko da inji ɗaya ne da tarago ɗaya na kaya kafin a yi gwanjonsu. A ganina Malam Madori ce ta fi dacewa da ajiye su, tun da dogo ne ya raya garin kuma an yi dala a can.

Na huɗu, idan an samu, a bi ƙa'idar ajiya. A ɗora shi a kan guntun dogo bisa dandamali mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya. A yi masa rumfar kwano. A tsiyaye ruwan lagireto, a toshe bututun hayaƙi, a shafe sassan da ke motsi da giris, a kankare tsatsa a yi fenti da launinsa na asali. A kewaye shi da shinge, a kafa allo mai bayani da boko da ajami. Ba dole ba ne ya tashi. Abin da ake bukata shi ne ya daina lalacewa. A kuma nemi takardunsa, domin inji ba tare da tarihinsa ba rabin amfani ne.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala an bayyana ma'anar shantin, da siffar ƙaramin kan jirgi mai amfani da dizal, da yadda ya samo asali a Turai da Amurka, da yadda ya shiga harkar gyaɗa da masana'antu a Arewa, da kuma hanyoyin da yake salwanta. An nuna cewa rashin dogo a Birnin Kudu da Gwaram bai raba mu da wannan tarihi ba, tun da kayanmu da mutanenmu suna cikinsa. Mu da muka ga dala da idonmu muna yara yanzu mun haura sittin, waɗanda suka yi aikin da hannunsu kuwa sun haura saba'in da tamanin. Ina roƙon malamai da su fara da dattijon da ya fi kusa da makarantarsu a wannan zangon karatu, kada su yi irin jinkirin da na yi. Duk wanda yake da ƙarin bayani ko gyara a kan abin da na kawo, ƙofa a buɗe take.